Hanyar Tirela Tun Daga Tasha Ake Zaɓen Ta

Ɗana, tunda maigidanka ya yaye ka ya damƙa maka makulli, na san masu murna sun taya ka murna, masu addu'a ma sun yi. Allah ya sa albarka, ya tsare gaba da baya. Abin da zan ƙara maka ni magana ce a kan duwatsu. A Kano ka tashi, a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ka koyi tuƙi, inda mutum zai yini yana tafiya bai gamu da tudun da zai sa gumi ya keto masa ba. A irin wannan hanya tirela tana da haƙuri, tana rufa wa direba asiri. Ranar da aka yi maka lodi zuwa ƙasar hawa da gangara, ranar ce ake sanin wanda ya iya. Rabin aikin wannan rana kuwa a tasha ake gama shi, tun ba a ta da inji ba, lokacin da kake yanke shawarar inda za ka bi.

Mu ɗauka an loda maka hatsi a Dawanau, za ka sauke a Makurɗi ko ka zarce Inugu. Hanya ba ɗaya ba ce. Kana iya bi ta Kwanar Dangora, ka ratsa dajin Falgore, ka fita Saminaka, ka haura Jos, sannan ka gangaro ta Riyom da Hawan Kibo zuwa Akwanga da Lafiya. Kana iya bi ta Zariya da Kaduna, ka ɗauki hanyar Kachiya da Kwoi ka faɗa Keffi, ko ka bi ta Abuja, daga nan ka nufi Akwanga. Mai ƙaramar mota tambayarsa ɗaya ce, wacce ta fi kusa. Kai taka tambayar daban take. Kano ba ta kai mita 500 sama da teku ba. Jos tana wajen mita 1,200. Makurɗi, a bakin Binuwai, tana wajen mita 100. Wanda ya bi ta Jos ya ɗaga lodinsa sama da mita 700 da ƙarfin inji da kuɗin gas, don kawai ya sake sauko da shi fiye da mita 1,000 da ƙarfin birki. In ba kaya za ka sauke a Jos ba, ka tambayi kanka abin da zai kai ka can. Ban ce sauran hanyoyin ba su da tudu ba. Kudancin Kaduna ƙasar duwatsu ce, kuma ko ta ina ka ɓullo, tudun da ke tsakanin Akwanga da Nasarawa Eggon yana nan yana jiranka. Amma hawa da sauka na kaɗan-kaɗan, wanda birki yake samun hutu a tsakaninsa, ba ɗaya yake da doguwar gangara mai kwana-kwana ba. Haka wanda ya taso daga Gombe ko Potiskum zuwa kudu maso gabas yana da zaɓin bin kwarin Binuwai, ta Numan da Jalingo da Wukari, idan gadoji da titin suna da lafiya a lokacin, maimakon hawa tsaunin Filato.

Ina so ka fahimci dalilin, kada ka riƙe shi a matsayin umarnin tsoho kawai. Samari hawa suke tsoro, domin a hawa ne mota take kuka, take hayaƙi, lagireto yake tafasa, ƙananan motoci suna wucewa ana kallonka. Gangara kuwa daɗi gare ta, mota ta yi shiru tana tafiya da kanta, ga iska mai sanyi. Nan ne ajalin da yawa daga cikin 'yan'uwanmu ya same su. Birki ba ya yin komai illa mayar da gudu ya zama zafi. Mota da kayanta idan sun kai tan 45 suka sauko tsayin mita 500, ƙarfin da ya kamata a kashe ya kai zafin da zai tafasa ruwa duro uku. Wannan zafin dole ya sami inda zai tafi. Idan ka bar inji ya riƙe mota, mafi yawansa ta inji da salansa zai fice. Idan ka ɗora wa birki shi kaɗai, a cikin daram da lainin zai taru. Daram in ya yi zafi buɗewa yake yi, ya yi nesa da lainin, shi kuma lainin ya yi santsi ya daina kamu. Sai ka taka, ka ji ƙafarka ta tafi, mota kuwa ko a jikinta. Shi ne ake dawowa ana cewa birki ya tsinke. Sau da yawa babu abin da ya tsinke, dafa shi aka yi tun daga saman tudu.

Shi ya sa idan ana ba ka labarin hanya, kada ka tsaya a kan kilomita nawa ce. Ka tambayi tsawon gangararta mafi tsawo. Ka tambaya ko miƙaƙƙiya ce ko mai kwana, kwanar kuma a tsakiya take ko a ƙarshe, inda birki ya riga ya gaji. Ka tambayi abin da ke gindin tudun: gada ce ƙarama mai ɗaukar mota ɗaya, mahaɗar hanya ce, shingen jami'ai ne inda motoci suke yin layi, ko kasuwa ce? In kasuwa ce, wace rana take ci? Wannan ta ƙarshe kada ka raina ta. Mutanenmu a bakin titi suke kasa kaya, kuma gari yakan zauna ne a kwari, kusa da ruwa, daidai inda mota mai gangarowa take da ƙarfin gudu. Direban da ya san ranar kasuwa ce ya kwana a sama ya sauko da sassafe kafin a taru, ya ceci mutanen da ba za su taɓa sanin sunansa ba.

Wa za ka tambaya? Direban da ya fito daga can jiya ko shekaranjiya, da irin motarka da irin lodinka. Za ka same su wajen mai shayi, da ofishin ƙungiyar direbobi, da garejin bakanike. Matambayi ba ya ɓata. Ka gaishe su da ladabi, ka ce, “Baba, ban taɓa bin hanyar nan ba, a ba ni haske.” Babu dattijon direba da zai ji wannan ya hana ka, mu daɗi ma muke ji. Labarin wanda ya bi hanyar bara kuwa ka karɓe shi da taka-tsantsan, domin damina ɗaya tana iya cinye gefen titi, ta zaftare dutse, ta tafi da kwalbati. Taswirar wayarka kuma, ban hana ka dubawa ba, tana da amfani wajen sanin gari da mahaɗa. Sai dai ka sani lissafinta na mai ƙaramar mota ne. Ba ta san tsawon bodinka ba, ba ta san nauyinka ba, ba ta san cewa kwanar da take nuna maka tayoyin baya ba za su iya shanye ta ba sai sun faɗa lambatu. Idan ta ce ga wata 'yar hanya ta yanke, za ka rage minti arba'in, ka bar ta. Tirela in ta shiga ƙaramar hanya a cikin duwatsu ba ta da wurin juyawa, kuma yin baya da lodi a kan tudu aiki ne da ba na yi wa ko maƙiyi fata.

Akwai kuma wuraren da babu zaɓi. Wanda aka aika Gembu, a tsaunin Mambila, daga Bali zai bi ta Serti, ya isa Mayo Selbe, daga nan ya fara hawan da zai kai shi ƙasar da tsayinta yake wajen mita 1,600, hanya tana naɗewa a jikin dutse, gefe ɗaya bango, gefe ɗaya rami. 'Yan'uwanmu masu jigila a Kamaru, waɗanda suke ɗaukar kayan da jirgin ƙasa ya sauke a Ngaundare su kai Garwa da Marwa har Njamena, su ma ba makawa sai sun sauko gangarar tsaunin Adamawa da ke arewa da garin. A irin waɗannan wurare zaɓinka ya koma kan abubuwa uku, lodin da za ka yarda a ɗora maka, da lokacin da za ka shiga, da ko motarka ma ta dace da hanyar. Wani kayan gara a raba shi a ƙananan motoci a gindin tsauni. Faɗin haka ba gazawa ba ce.

Maganar lodi kuwa, ka san siminti buhu 600 tan 30 ne, buhu 900 tan 45, ban da nauyin motar kanta. Birkin da ke ƙarƙashinka bai ƙaru ba don an ƙara buhu 300. Hanyar da za ka iya bi da na farko ba lallai ka iya bin ta da na biyu ba, don haka kada ka ce ai na taɓa bi. Ka dubi kuma irin kayan. Buhunan da aka jera suka yi tsiri sama suna jan mota ta kwanta a kwana. Shanu, idan mota ta karkata, dukkansu gefe ɗaya suke zubewa. Tankar da ba ta cika ba, man cikinta yana kai da komo, ka taka birki ya doke ka ta baya, ka sha kwana ya ture ka gefe. Mai irin waɗannan kaya ya fi kowa buƙatar hanya mai sauƙin kwana, ko da ta fi nisa. Sai kuma abin da ya fi damuna, mutanen da ake ɗorawa a saman kaya. Na san talauci ne yake hawar da su, na san kuɗin da suke bayarwa yana rage wa direba zafi, na kuma san wani ɗan garinku ne da ba ka iya ce masa a'a. Amma in mota ta kwanta, buhu ana tsince shi a sake lodawa. Ka roƙe su gafara, kada ka hau dutse da rai a saman tampol.

Lokaci ma hanya ne. Tudun da ka sauka lafiya da hantsi a watan Janairu, in ka same shi da magariba a watan Agusta wani tudu ne daban. A Filato da Mambila hazo yakan sauko har ka kasa ganin abin da ke gaban gilashinka, musamman da asuba da bayan ruwa. Ruwan farko shi ne mafi sharri, domin yana taso da gas da baƙin man da motoci suka zubar duk rani, kwalta ta koma santsi. Zafin azahar kuma shi ne abokin gabar taya da lagireto a wajen hawa. Don haka ka tsara tafiyarka yadda za ka iso babban tudu da safe, gari ya waye sarai, hazo ya ɗaga, kai ka yi barci, mota ta huce. Wannan yana nufin tun a Kano za ka san garin da za ka kwana. Kuma a zamanin nan dole ka haɗa da lissafin tsaro. Wata hanyar shimfiɗaɗɗiya ce amma ba a bin ta bayan la'asar, wata mai tudu ce amma akwai jama'a da zirga-zirga. Wannan awo ne da za ka yi shi sabo a kowace tafiya, da labarin ranar. Abin da nake roƙonka shi ne kada tsoron dare ya sa ka sauko gangara a guje don ka riski gari. In ka ga rana za ta faɗi maka a kan dutse, tsaya a garin da ke bayanka.

To, ka zaɓi hanya, ga ka a saman tudu. Nemi fili ka faka, ka sa waji ka tare taya, ka sauko da ƙafarka. Zagaya motar. Duba tiyon iska guda biyu da suka haɗa kai da bodi, ka kasa kunne ko akwai inda yake huci. Zubar da ruwan da ya taru a tankin iska. Kai bayan hannunka kusa da kowace taya ka ji zafinta. Wadda ta fi sauran zafi birkinta yana kamewa. Wadda ta yi sanyi ƙalau bayan doguwar tafiya, wataƙila birkinta ba ya aiki sam, sauran ne suke ɗaukar nauyinta. Akwai mugun halin da ya yi yawa a cikinmu, idan birkin wata taya yana yoyon iska sai a toshe tiyonsa a ce sai an dawo. A kan shimfiɗa ba za ka ji bambanci ba. A Hawan Kibo za ka ji. Kuma bodin da birkinsa bai kama ba, shi ne yake turo kai daga baya har ya naɗe shi.

Giyar da za ka sauka da ita tun a sama ake sa ta, mota tana tafiya a hankali. Iyayen gidanmu sun koya mana cewa giyar da ka hau da ita, da ita za ka sauka. A zamanin tsofaffin Marsandi wannan ya wadatar. Injinan yanzu, irin na DAF da MAN da Howo, suna da ƙarfin hawa da babbar giya wadda ba za ta riƙe su a gangara ba, saboda haka ka rage ɗaya ko biyu ƙasa da ta hawan. Ka kunna birkin inji in motarka tana da shi, amma ka yi hattara da shi a kan jiƙaƙƙiyar kwalta, musamman in ba ka da lodi, domin tayoyin kai kawai yake riƙewa, suna iya zamewa. Idan gudu ya ɗan haura abin da ka ɗiba, taka birki da ƙarfi daidai, ka rage kamar kilomita 10, ka ɗaga ƙafa ya sha iska, sannan ka sake idan ya kuma haurawa. Kada ka ɗora ƙafa a kai tun daga sama har ƙasa, kada kuma ka riƙa famfa shi, domin kowane taku iska yake ci. In ka ga kana taka birki a kai a kai, giyarka ta yi girma, tun da wuri ka rage gudu sosai ka sauya. Dokar hanya ta ƙasar nan ta ba tirela da tanka kilomita 50 a awa a babbar hanya, 60 a tagwayen hanya. Wannan na shimfiɗa ne. A doguwar gangara da cikakken lodi, rabin haka ma yakan yi yawa. Na baya su yi ta danna ham, in ka sami wuri ka ba su hanya.

Sai firi. Ɗana, ko da za ka manta duk abin da na faɗa, riƙe wannan, kada ka taɓa cire giya ka saki tirela a firi a kan gangara. Na san dalilin da ya sa ake yi, gas ya yi tsada, abin da aka rage na direba ne. Amma dubi abin da kake sayarwa. Ka cire inji daga aikin riƙe mota, ka bar birki shi kaɗai. Inji ya koma silo, kwamfaresa mai cika tankin iska ta rage aiki a daidai lokacin da ka fi buƙatar iskar. Sannan in gudu ya yi yawa ka nemi mayar da giya, ba za ta shiga ba, sai dai ka ji tana gurnani. Yawancin hanyoyinmu kuma ba su da wurin da aka tanada na yashi ko tsakuwa don motar da birkinta ya ƙi. Litar gas nawa ce za ta biya wannan?

In ka ji ƙaurin lainin ko ka hango hayaƙi a madubi, tsaya a wuri na farko da ya samu tun birkin yana amsawa. Sa waji, ka jira ya huce da kansa, ka tsaya kusa kana lura kada taya ta kama wuta. Kada ka watsa wa daram mai zafi ruwa, yana iya tsagewa. A wajen hawa kuma, ka shiga tudu da giyar da za ta kai ka sama, kada ka tsaya neman sauyi a tsakiya inda kuskure ɗaya zai sa mota ta mutu ta fara komawa baya. In ta tsaya maka, birki tukuna, sannan waji, sannan alama mai nisa a baya da gaba, musamman in bayan kwana kake. Ganyen da kuka zuba a titi don alama kuma ku kwashe shi idan za ku tashi, haka duwatsun da kuka tare taya da su. Dutsen da aka bari a tsakiyar hanya ya kashe masu babur ba adadi.

Na san abin da za ka ce, duk wannan mai sauƙi ne a baki, amma mai mota ya ƙidaya gas ɗin da ya ba ka, mai kaya kuma yana ta kiran waya. Gaskiya ne, kuma sabon direba yana tsoron a ce masa rago a karɓe makulli. Shawarata, ka yi maganar tun kafin ka tashi, ido da ido, cikin ladabi. Ka ce, “Alhaji, da wannan lodin hanya kaza zan bi, za ta ƙara mana gas kaza da kwana ɗaya, ga dalilina.” Mai hankali zai gane cewa dukiyarsa kake tsarewa, domin kan mota ɗaya ya fi kuɗin gas na shekara. Hanyar lafiya, a bi ta da shekara. Wanda kuma ya nace sai ka bi inda ka san motar ba za ta iya ba, ka kai maganar gaban shugabannin ƙungiya su shiga tsakani. Masu cewa ai komai ƙaddara ce, ka amsa musu da cewa haka ne, kuma malamanmu sun karantar da mu cewa tawakkali ba ya hana ɗaukar mataki. Ka yi addu'arka ta tafiya, ka kuma duba tiyonka.

Yaron motarka amana ne a hannunka, kamar yadda kai ma ka kasance a hannun wani. Kada ka sa shi ya riƙa bin mota a guje da waji a hannu tana komawa baya, an rasa yara da yawa a haka. Ka koya masa ya tsaya a gefen taya, ba bayanta ba, ya jira sai ta tsaya. Idan kuna sauka tudu kada ka bar shi ya yi barci, ya zauna yana duba madubin gefensa yana faɗa maka abin da ya gani. Ka riƙa gaya masa sunan kowane tudu da giyar da kuka sauka da ita da inda kuka tsaya, ka sa shi ya rubuta a ɗan littafi, da boko ko da ajami, tare da ranakun kasuwannin da ke gindin kowane hawa. In kun isa ƙasa ku sake tsayawa, ku zagaya motar tare, ka bar shi ya fara gaya maka tayar da ta fi zafi kafin kai ka taɓa.